Kubbar da Na Gina da Karyayyar Ƙafa

Litinin, 3 ga Maris

Tun da na faɗo daga saman ginin da nake aiki a kai ban yi abin kirki ba sai kallon silin. Ƙafa a ɗaure. Yau Auta ta dawo hutu daga jami'a, ta ɗora mini tsohuwar kwamfutarta a cinya. Wai akwai wasan da ake gini a ciki, ko zan daina yi wa mamanta ƙorafi. Na ce ni magini ne, ba yaro ba. Ta yi dariya ta fita ta bar ni da ita.

Laraba, 5 ga Maris

Na taɓa. Fili ne ba iyaka, bulo kyauta, ba siminti ba yashi, kuma inda ka ajiye shi nan yake tsayawa, ko a iska ne. Wannan ya ɗaure mini kai. Me ke riƙe da shi?

Asabar, 8 ga Maris

Katanga da ɗaki ba wuya. Kubba nake so. Amma kowane bulo kusurwa huɗu ne, ba a sassaƙa shi, ba a shafe shi da filasta. Ta yaya abu mai kusurwa zai ba da da'ira? Na wuni ina jerawa ɗaya bayan ɗaya. Maman yara ta leƙo ta ce abin ya yi kama da kwanon da mota ta taka. Ba ta yi ƙarya ba.

Lahadi, 9 ga Maris

Auta ta zauna a gefena. Ta ce in daina zagaye da'irar gaba ɗaya, in gina kashi ɗaya cikin huɗu kawai, in kwafa, in juya ta sauran ɓangarori ukun. Na ce ai wannan ha'inci ne.

"Baba, in za ka buga bulo, kowanne sabon ma'auni kake yi masa?"

Da ta tafi na gwada. Sahun farko dogon jeri, na gaba ya ragu, sai guntaye a kusurwa. Kusa da shi matakala ce zalla, amma da na ja baya sai ga da'ira sumul. Ashe ido ne ke yin shafen.

Alhamis, 13 ga Maris

Ɗan kwangila ya kira, wai yaushe zan dawo. Na ce sai likita ya gani. Likita kuwa ya riga ya gani, ya ce ƙashi ya haɗe; ni ne ban shirya ba.

Talata, 18 ga Maris

An kwance ƙafa. Kubba ta kai rabi. Na gano kowane zobe na sama ƙanin na ƙasa ne, kuma in ka bar cikin fanko aikin ya ragu sosai. Ina sa zoben kusa da ƙarshe hannuna ya zame, ɗan mutumin da nake sarrafawa a wasan ya rikito ƙasa. Gabana ya faɗi, tafin hannuna ya jiƙe sharkaf. A kujera fa nake. Auta ta gani. Ta nuna mini maɓallin da zai sa in riƙa shawagi kamar tsuntsu, ba faɗuwa. Na gode mata, amma na ji kunya.

Asabar, 22 ga Maris

Na kashe shawagin. Ba wani dalili, kawai daga iska ba na jin ko sahun ya daidaita. Na jera wa kaina matakala a jikin kubbar, na hau, na rufe ƙoƙon saman, na ɗan tsaya ina kallon ƙasa. Ba laifi.

Da la'asar na ce wa maman yara ta nemo mini takalman aikina, in duba ko ɓera bai ci su ba. Dubawa kawai.