Gaisuwar Lyon a Motar Ilu

Unguwar Belleville, Paris, Lahadi da dare, Yuni 1984

Har yanzu kunnena ƙugi yake. Ni na ja wa kaina da na yarda Ilu, ƙanen matata, ya kai ni Lyon a tsohuwar motar Amurkan nan da ya saya. Bututun hayaƙinta biyu ne, kwance a gefe ƙarƙashin ƙofofi, babu salansa ko ɗaya. Wai daɗinta ke nan. Tun daga Paris kamar an cusa kaina cikin injin niƙa.

Kuma gaisuwar mutuwa muka je! Ɗan Malam Habu ne ya rasu. Mutane na zaune ana addu'a, tagogi a buɗe, sai ga mu kamar aradu. Ilu sai da ya ƙara ba ta wuta kafin ya kashe. Ina fitowa bututun ya ƙona mini bakin riga, haka na shiga gidan makoki ina ƙauri.

Abin da ya fi ci mini rai, ban san kunnena ya toshe ba. Na durƙusa gaban Malam na ce, “Ya haƙuri?” Ashe ihu nake yi. Ya riƙe hannuna, ya kawo baki kusa da kunnena ya ce, “Alhaji, a hankali. Uwar yaron sai ɗazu ta samu barci, motarku ta tashe ta.”

A jirgin ƙasa na komo, ni kaɗai.

Yanzun nan Ilu ya bugo tarho yana dariya, wai ban ga yadda kowa ke juyowa yana kallonmu ba?

Na gani, Ilu. Wallahi na gani.