Hancin Abu Milad

Zahle, 3 ga Nuwamba

Yaya Wadad,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya ke da yara. Ya ciwon ƙugun nan? Mu nan sai godiya.

An kunna wutar tukunya a gidan dafa giyar arak na unguwarmu. Kin san yadda ake: burodi ƙamshin yansun, ƙwayar nan da ake sa wa giyar, shanya ƙamshin yansun, har rigar Fada a coci. Amma bana ƙamshin nan tashin hankali ne gare ni. Yaya, ki riƙe wannan a cikinki. Maigidana Abu Milad ba ya jin ƙamshin komai tun zazzaɓin da ya yi bayan Ista. Rannan albasa ta ƙone ƙurmus a gabansa, shi kuwa yana ta karatun jarida.

Ki duba fa, mutumin da hancinsa ne abincinsa! Shekara arba'in shi ke tsayuwa bakin tukunyar tagulla in giyar ta fara ɗiga. Shi ke cewa wannan kai ne, a zubar, ga zuciya ta fara, a tara, wutsiya ta zo, a tsaya. In Hawaja Nakhle mai wurin ya ji, sallamarsa zai yi. Na kuma san mijina, zaman gida kashe shi zai yi.

Sai muka yi dabara. Ina kai masa gahawa, in tsaya kusa da bututun ina gyaran mayafi. In zuciya ta fara in yi tari ɗaya, in wutsiya ta zo in yi biyu. Ni da ko ɗigo ban taɓa kaiwa bakina ba.

Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Nuhad

Zahle, 25 ga Nuwamba

Yaya Wadad,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, saƙon magani ya iso, Allah ya saka.

Wallahi na gaji. Matakalar nan ta unguwa, hawa huɗu nake yi a rana, gwiwoyina sun kumbura. Im Sarkis maƙwabciyata ta leƙo ta taga tana cewa, "Nuhad, amarci ne ya dawo da furfura, ko tsoro kike 'yan matan cika kwalba su ƙwace miki tsoho?" Na ce mata in suna so su ɗauka, har da minsharinsa kyauta.

Ran Lahadi aka yi ɗanɗanon farko a tsakar gidan arak ɗin. An gasa nama, dattawan unguwa duk sun hallara. Aka zuba wa giyar ruwa, ta yi fari kamar madara, kowa ya kurɓa. Sai tsoho Daher wanzami ya buga tebur ya ce, "Abu Milad, ashe ɓoye mana hannu kake yi duk shekarun nan! Ba ka taɓa yin irin wannan ba." Hawaja Nakhle ya sumbaci goshin Abu Milad, ya ce muddin yana raye ba mai taɓa tukunyar nan sai shi.

Aiki ya tsira ke nan. Amma tun ranar bai ƙara duban idona ba, abinci ma sai ya tsakura ya ture.

Sauran sai na huta.

Nuhad

Zahle, 4 ga Disamba

Yaya,

Ina gaisuwa, ina fatan kun tashi lafiya.

Yau da safe Abu Milad ya yi magana, bayan kusan mako biyu. Ina yanka tumatir ya tsaya bayana ya ce, "Im Milad, tsakaninki da Allah, shekarun baya in kin shigo da abinci, kina jin na kuskure?"

Na ce haba, ni me na sani? Na ce inabin bana ne ya yi kyau, kuma duk abin da hancina ya iya a wankin rigunansa ya koya. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Haka ne, inabin ya yi kyau." Ya zauna ya cinye ƙwai biyu.

Yaya, ke kaɗai zan faɗa wa, ki ƙona takardar nan in kin karanta. Shekara arba'in yana makara, kullum sai wutsiya ta ɗan shiga kafin ya tsayar. Tun ina amarya nake ji daga bakin ƙofa. Baɗi in Allah ya kai mu, zan jinkirta tarin kaɗan.

Ki gai da yara.

Taki har kullum,
Nuhad