Hannun da Ya Saba Jera Murfi

Daren Laraba, a garinmu Zakka

Kwana uku da dawowata daga Kano, har yanzu na kasa faɗar gaskiya. Cewa na yi hutu aka ba mu. Shekara shida ina jera murfin gwangwani a kamfani, sai aka kawo sabon inji. Aikina na yini guda, kafin in gama alwala ya jera shi. Aka sallame mu.

Ɗazu bayan tuwo muna hira, ashe na tattara murafan kwanonin Inna ina ta jerawa. Ta daɗe tana kallon hannuna, sannan ta ce, "Gobe ka bi babanka gona, gero ya isa yanka. Ba sai ka yi saurin komawa ba."

Wallahi ta gane. Na kasa ɗaga kai.