Farar Hular Helluma Mode

Gandi, ran Litinin.

Zuwa ga ɗiyata Nafisa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lahiya. Ya karatun jinya, ya zahin Sakkwato? Innarki Kaltume na gaishe ki.

In kin ji an ce babanki ya cika, ƙarya ce, kaina kawai ya hwashe. Kin san ɗan kwangilarmu, Alhaji Mainasara, ya raba muna hulunan kwano wurin ginin makarantar ga, ya ce duk wanda aka gani ba ita shi kama hanyar gida. Ni da nike helluma, shugaban leburori, tawa fara ce ƙal. Na ga kyawonta ya hi ƙarhin ƙurar siminti, sai na tahi da ita gida Magarya in nuna ma mutane, na aje ta gindin rumbu. Kahin hutu shi ƙare, kazar innarki ta shige ta zuba ƙwai ta kwanta. Innarki ta rantse ba a tada kaza bisa ƙwai. Ke kin san wa ke mulki gidanmu.

Sai na dawo aiki da hular zanna-bukar. Ina tsaye ƙarƙashin tsani ina ma leburori faɗan su yi hankali, rabin bulo ya sulɓo daga bisa. An ɗinke ni, an aske gehe guda, kan ya koma kamar gonar albasa da aka cire rabi.

Ba ciwon ka damu na ba. Ran nan masu duba aiki suna wurin, sun gani da idonsu. Alhaji bai yanke hukunci ba tukuna. In ya sallame ni, wa zai ɗauki tsohon birkila, ga ki ba ki ƙare ba? Ki sa ni addu'a.

Babanki,
Mode.

Gandi, ran Talata ta sama.

Ɗiyata Nafisa,

Sallama da gaisuwa. Ina fata zazzaɓin da kika ce ya sake ki.

Ba a kore ni ba, amma kora ta hi sauƙi. Alhaji ya yanke in zagaya duk wuraren aikinshi, in hau bisa bulo, in tuɓe hula, in nuna ɗinki, in ba da labari tun daga kaza. In na tsallake wuri guda, ba ni ba aiki. Na yi nan Gandi. Leburori sun yi dariya har da hawaye, amma yanzu ba mai jiƙa garin kwaki cikin tashi hular, har bayan gida da ita suke zuwa. Da na ga fuska, na hwaɗa ma Alhaji bulon ma bai kamata shi samu hanya ba. Ya harare ni, washegari aka kafa katakon tsare gehe.

Saura Boyekai. Can Sodangi ne helluma, taubashina, wanda ban taɓa raga ma ba wurin suna ko biki. Ya aiko min cewa ya share hili, ya gayyato mutanen gari, har da mai kalangu. Jibi Alhamis zan tahi, don karatunki ba ya tsaya ba.

Ke da kike ganin magunguna, mi ake ba mutum shi sha, kunya ta kwanta mai? In akwai, ki ba direban Gandi kahin jibi.

Ki huta lahiya.

Babanki mai rabin aski,
Mode.