Gwajin Hafsatu da Maganar Baba

Talata da dare, Bunguɗu

Yau 'yata Hafsatu ta zaunar da ni jarrabawa, ni da na gudu daga makaranta tun aji huɗu. Aikin kwalejinsu ta Gusau ne. Ta kunna mani murya biyu a waya, ɗaya tas, ɗaya kamar mai magana da tuwo cike da baki. Kowace ta lissafa abu goma. A ta farko na riƙe takwas, a ta biyu uku kacal, alhali duk na ji su.

Na ce, "Wayarki ce ta tsufa."

Ta ce, "A'a Abba, ƙarfinka ya ƙare wajen ganewa, ba a bar na riƙewa ba."

Na yi dariya, sai Baba ya faɗo mani a rai. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye, harshensa ya yi nauyi. Ba a ce wa uba ya maimaita, sai in ce "To, Baba," in hau babur. Ranar Juma'a ya yi mani bayanin iyakar gonarmu ta Tsafe, kuma wallahi na gane a lokacin. Yanzu wata tsamiya kawai nake tunawa.

Gobe zan koma wurinsa da wayar Hafsatu, in sha kunyar, in roƙe shi ya sake faɗa, in ɗauki muryarsa. Allah Ya sa in iske shi.