Tasbihin Agogon Baba

Laraba da dare, Unguwar Tudu

Alhamdulillahi, agogon marigayi Baba ya dawo da haskensa. Tun da ya daina kawo wuta raina babu daɗi.

Da hantsi na kai wa Malam Sani mai gyara a Kabo, na ce ya sauya mini ƙwan fitilar. Ya yi dariya. "Hajiya, ai babu ƙwai a ciki. Wani siririn falle ne mai garin sinadari, shi ke haske da kansa." Ya danna maɓallin, ya kara a kunne. "Shiru. To, naɗin wayar da ke ɗaga ƙarfin batir ne ya tsinke."

Mutumin nan da kunne ya gano ciwon! Nan take ya liƙa wayar, siririya kamar gashi.

Da na danna, fuskar ta yi shuɗi-shuɗi, ga kuma ɗan kukan nan da Baba ke cewa agogon na tasbihi. Malam Sani ya ce wutar ce kawai ke kai-komo. Na yarda da shi. Amma tun magariba nake dannawa ina saurare, kuma bakina ya ƙi kiran kukan da wani suna ban da tasbihi.