Awa Huɗu Suka Raba Ni da Kawu a Bakin Iyaka

Gwaggo mai filin shawara,

Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki yi haƙuri da tsawon wasiƙar, hannuna ya fi sabawa da sifana fiye da biro. Tun farko in faɗa miki, ba wani bala'i ne ya same ni ba. Lafiyata ƙalau, iyalina lafiya, aiki yana tafiya. In kin ji abin, wataƙila ki ce daɗi ne ya yi mini yawa. Amma ya tsaya mini a rai kamar tsakuwa a takalmi.

Sana'ata gyaran injinan ɗab'i, irin manyan nan masu buga littattafai. Kawuna, yayan mahaifiyata, shi ya koya mini, kuma shekara goma sha tara ke nan muna shago ɗaya. Ina da 'ya'ya uku, furfura ta fara leƙowa a gemuna, amma har yau in ya shigo ni ke tashi in karɓi jakarsa. Mutum ne mai barkwanci da faɗa a lokaci guda. Yana ɗora dogon sukudireba a jikin inji, ya kafa kunne a ƙotar, ya gaya maka abin da ke ciwo tun ba a kwance noti ko ɗaya ba.

Muna da wani abokin hulɗa mai maɗaba'a a ƙasar da muke maƙwabtaka da ita. Kawu ne ya kafa masa injinsa da hannunsa, kuma sau biyu a shekara muke tsallakawa mu duba shi. Da annobar nan ta zo aka rufe iyaka, sama da shekara ba mu je ba. Sai injin ya tsaya, ga shi an ba mutumin kwangilar buga littattafan makaranta, ana shirin buɗe makarantu. Ya yi ta zirga-zirga a ofisoshinsu har ya samo mana takardar gayyata, wadda ta ce mu ma'aikata ne da ba a iya yi sai da su. An ba mu rana ɗaya tak ta shiga, Alhamis.

Duk harkar takardu a wuyana take, don Kawu in ya ga fom sai ya fara neman tabaransa, in ya samu kuma ya ce rubutun ne ya yi ƙanana. Na cike fom a waya sau uku yana gogewa. Na biya otal ɗin da za a killace mu kwana bakwai. Na buga komai a takarda, na sa a leda. Saura gwajin cutar, wanda suka ce kada ya wuce awa saba'in da biyu.

To ga inda na kwafsa. Muna da wata ƙa'ida a shagonmu tun kafin in iya riƙe sifana: muddin muna gari, ba ma fita tare a bar shago a kulle. Ɗaya ya je, ɗaya ya zauna, kuma babba ke fara zuwa. Haka muke yi a aski, haka muke yi a gaisuwar rasuwa, haka muka yi a gwaji. Ranar Litinin Kawu ya je ƙarfe takwas na safe aka zura masa tsinken auduga a hanci, ya dawo yana atishawa yana tsine wa wanda ya ƙirƙiro abin. Ni kuma aiki ya riƙe ni, sai ƙarfe huɗu na yamma na samu zuwa. Sakamakonmu ya fito tare ranar Talata da yamma, duk ba mu da komai. Daga wannan lokacin na fara ƙirga awannin, na ga muna da sarari har yammacin Juma'a, na miƙe ƙafa.

Mun isa iyaka Alhamis da tsakar rana. Layi ne dogo, an shafa fenti a ƙasa inda kowa zai tsaya, kowa da takunkumi a fuska. Jami'in yana bayan gilashi. Ya duba takardar gwajina, ya buga hatimi. Ya duba ta Kawu, ya dubi agogon bango, ya turo ta waje ta ƙarƙashin gilashin. Ga takunkumi, ga gilashi, ga harshensu da muke ji sama-sama, abin da muka tsinta kawai shi ne takardar Kawu ba ta da amfani. Babu wurin gwaji a can, sai an koma gari, kafin nan kuma Alhamis ta wuce.

Na ce mu juya tare. Kawu ya harare ni, ya ce ai ba mu muka yi alkawari ba, shago ne ya yi, kuma ko rabin shago ne ya isa can an cika alkawari. Ya zaro sukudirebansa ya cusa a jakata, ya juya ya nufi tasha ko waiwaye bai yi ba.

Sai da na shiga ɗakin otal na sake karanta dokar a natse. A ƙasan shafin, da ƙaramin rubutu, an ce daga lokacin da aka ɗauki samfur ake ƙirgawa, ba daga fitar sakamako ba. Takardar Kawu ta mutu tun ƙarfe takwas na safiyar ranar, awa huɗu kafin mu iso. Tawa saura awa huɗu ta mutu. Da mun kulle shagon mun je tare da yamma, da duk mun wuce.

Yanzu ga abin kunyar, Gwaggo. Na ji daɗin tafiyar nan. Kwana bakwai a ɗaki mai gado ɗaya da taga mai kallon wurin ajiye motoci, ana ajiye mini abinci a kan kujera a bakin ƙofa, safe da yamma in auna zafin jikina in rubuta. Wasu ina jiyo su ta bango suna masifa a waya, ni kuwa barci na sha irin wanda rabona da shi tun ina saurayi. Na karanta littafin injin daga bango zuwa bango, abin da ban taɓa yi ba, don a wurinmu Kawu ne littafin. Da aka sake ni na shiga maɗaba'ar, na tsaya ni kaɗai gaban injin, babu mai ce mini matsa ko miƙo. Na lallaɓa na tayar da shi, na kafa kunne, na ji boris ɗin gefen hagu, ƙarfen da sandar injin ke juyawa a cikinsa, yana kuka. Na kwance shi, sannan na kira Kawu na kunna masa sautin injin da na ɗauka a waya tun farko. Ya ce boris ɗin hagu ne. Na ce to, alhali yana hannuna ina goge shi. Aikin da muka saba yi a kwana huɗu, a biyu na gama. Da na ga takarda ta fara fitowa fes, sai da na koma bayan injin na share ido.

Na dawo wata uku ke nan, kuma ban gaya wa Kawu kuskurena ba. Shi a saninsa jami'in ya ga furfurarsa ne ya kore shi, don ya ji ana cewa cutar ta fi kama tsofaffi. Labarin ya zama abin nishaɗi a shago. Duk wanda ya shigo sai ya ba shi, kullum jami'in yana ƙara tsawo da muni, a ƙarshe Kawu ya ce su yanzu an daina yayinsu, sai a kwashe da dariya, har da ni. Kawu ya yi ƙiba, yana tashi daga shago da wuri ya je ya yi wasa da jikoki, matarsa har addu'a take yi wa jami'in.

Makon jiya mai maɗaba'ar ya aiko sabuwar takardar gayyata. Dokarsu ta canza, mutum ɗaya kawai ake bari, kuma sunana ya rubuta. Yana jiran amsa. Matata ta ce in ja bakina in yi shiru, in ce wa Kawu doka ce ta zaɓa, tunda kowa na zaune lafiya. Ni kuma ina son tafiyar, ba zan ɓoye miki ba. Amma shekaranjiya na ga Kawu ya fito da fasfonsa daga aljihun tebur, ya duba ranar ƙarewarsa, ya mayar. In faɗa masa gaskiya, ko in bar abin yadda yake?

Naki,
Mai Gyaran Inji

*

Ɗana mai gyaran inji,

Wasiƙarka ta sa ni murmushi, kuma ba ta yi tsawo ba. Bari in fara sauke maka kaya ɗaya: jin daɗin da ka yi ba laifi ba ne. Mutumin da ya shekara goma sha tara yana miƙa sifana, ranar da ya gano hannunsa ya nuna dole ya yi farin ciki. Wannan nasarar ma ta Kawu ce, don ba daga sama ka iya sauraren inji ba. Kuskuren awanni kuwa, mutane da yawa sun yi shi a wannan lokaci, har da masu yawo da sakatare. Ladabi ne ya sa ka bar babba ya fara zuwa, dokar iyaka kuma ba ta san babba da ƙarami ba, agogo kawai ta sani.

Matarka ba ta yi maganar banza ba. Gida lafiya, dattijo ya huta, kuma ba kowace tsohuwar magana ce ake tonowa ba. Da a ce shirun bai taɓa kowa ba, da na ce ka bi shawararta ka sha shayinka. Amma sake karanta abin da ka rubuto mini. Kawu bai san an mayar da shi saboda takarda ba. Ya ɗauka an mayar da shi saboda ya tsufa, kuma wata uku yana maimaita wa kansa haka a gaban jama'a, da sunan wasa. Wanda yake ba da labari ɗaya kullum yana dariya, sau da yawa wurin yana yi masa zafi ne. Kai kaɗai ka san ba haka abin yake ba, kuma kana cikin masu dariyar. A nan ne ban bi bayan matarka ba.

Ka same shi ku biyu, ba a gaban masu kawo gyara ba. Kada ka yi doguwar shimfiɗa, irin su Kawu ba sa son kwana-kwana. Ka nuna masa takardun gwajin biyu, ka sa yatsa a kan ƙarfe takwas da ƙarfe huɗu, ka ce kai ka yi kuskuren lissafi, kuma kunya ta hana ka faɗa. Zai yi faɗa, ka sunkuyar da kai ka sha. Mai yiwuwa ma daga ranar kai za ka maye gurbin jami'in a labarin, ka shirya ƙara muni.

Bayan nan ka miƙa masa sabuwar takardar ya gani da idonsa, kada ya ji a bakin wani. Ka gaya masa kana son zuwa, don ɓoye wannan ma wata ƙaryar ce. Ka kuma gaya masa cewa in yana so, za ka roƙi mai maɗaba'ar ya sauya suna, ko ku riƙa karɓa-karɓa har a sassauta doka. Kada ka amsa wa mutumin can kafin ku yi wannan zama, ka ce masa ya ba ka kwana biyu.

Ko wane ne zai tafi, ka gyara yadda kake shiri. Dokokin nan suna canzawa kamar yanayi, don haka ka karanta su a shafin hukumar ƙasar da kanta, har ƙaramin rubutun, kuma ka sake dubawa ana gobe tafiya. Ka tabbatar daga yaushe ake fara ƙirga awanni, kuma a ina ake tsayawa, lokacin tashi ko lokacin isa. Ka tambayi wuraren gwajin da suka yarda da su. Ka roƙi a ba ku kwanakin shiga biyu ko uku maimakon rana ɗaya, ka kuma san abin da ƙasarku za ta nema a dawowa. In ku biyu ne, ku je gwaji tare. Shago ba zai gudu ba don an kulle shi awa ɗaya.

Ban san abin da Kawu zai zaɓa ba. Wataƙila ya ce ka tafi, ya koma wurin jikokinsa da zuciya wasai. Wataƙila ya ce shi zai je, kai kuma ka haƙura wannan karon. Duk wanda ya zaɓa, ya zama shi ya zaɓa. Akwai bambanci babba tsakanin dattijon da ya ajiye jaka da kansa da wanda ya ɗauka an ƙwace masa ita. Ka je ka gaya masa tun makon nan cewa babu wanda ya kore shi don furfura.

Allah ya ƙara wa Kawu lafiya, ya sa albarka a hannunka, ya ɗauke mana wannan annoba, ya kai mai tafiya lafiya ya dawo da shi lafiya.

Gwaggonku